Yaya Iliya da Harafin da ke Jikin Inji

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗen garin kunu, wayata ta yi ƙara. Hajara ce, matar yayana Iliya. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Ladi, yayanki ya cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na yi ta maimaitawa, rariya tana hannuna, na manta yadda ake ajiye ta.

Abu na farko da hannuna ya yi shi ne neman lambar ɗana Sanusi. Har na kai yatsa kan sunansa, sai na tsaya. A wannan lokacin Sanusi yana kan hanya. Ya je Banyo ɗauko matarsa Amina, wadda ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, sun kwana a Gaundare, da safe suka kamo hanyar Garuwa da jariri a bayan mota. Jikana na farko ke nan, ban taɓa ganinsa ba. Na san ɗana. In ya ji kawunsa ya rasu, zai taka mota don ya riski jana'iza, ga shi kuma gangaren dutsen Gaundare yana gabansa, inda manyan motoci ke kwanciya a gefen hanya. Yaya kan ce, "Direba ba a ba shi labari sai ya kashe mota." Na kife wayar a kan tabarma, na ɗauki mayafi na nufi gidan rasuwa.

Mutanen Garuwa, a nan Kamaru, sun san Yaya da Metir Iliya, wato ogan gareji. Kakanmu ɗan kasuwa ne da ya zo daga ƙasar Katsina ya zauna, mahaifinmu kuma ya gaji rumfar yadi. An so Yaya ya zauna a rumfar, ya ƙi. Ya tsallaka Jimeta ya yi shekaru yana koyon gyaran mota, ya dawo ya kafa gareji ƙarƙashin darbejiya biyu a hanyar gada. Mahaifinmu ya daɗe bai taka wurin ba. Ranar da ya fara zuwa, ya tarar da Yaya yana wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa sitiyarin motar wani. Ya tambaye shi dalili. Yaya ya ce mai motar zai je masallaci da farar riga. Tun daga ranar nan tsohon yakan tsaya can ya sha shayi.

Haka yake a komai. Duk abin da ya cire a mota, ko ƙaramin ƙusa ne, yakan naɗe shi a tsumma ya ajiye wa mai ita ya gani da idonsa. Ba ya yarda a kawo masa mota da zafinta a ce ya faɗi ciwonta. Sai ta huce, ya tashe ta da kansa, ya ɗora sanda a jikin injin ya kara ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido. In aikin ya fi ƙarfinsa yakan faɗa, ya kuma ambaci sunan wanda ya fi shi iyawa, ko da ba sa ga maciji da juna.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, dillalin shanu ne, kasuwannin Rai Buba da Banyo duk yana ci. Da ya ga tafiya ta yi masa yawa ya yi niyyar sayen mota, irin doguwar nan ta iyali wadda ba jif ba ce sosai, ba kuma ƙaramar mota ba, mai ɗaukar mutum bakwai. Ya kira Yaya shawara. Muna zaune a zaure, ni ina daga bakin ƙofa, Sanusi yana tsaye, lokacin gemunsa bai gama fitowa ba.

Maigidana ya ce ai motar ɗaya ce, a duba wadda jikinta ya fi kyau kawai. Yaya ya girgiza kai.

"Riga ɗaya, ciki daban, Alhaji. Masu ita sun yi shekaru suna fitar da ita, fitila da hanci kawai suke ɗan taɓawa. Amma injin da ke ciki ya kai iri biyar."

Ya lissafa mana su da yatsu. Akwai mai buji huɗu, wato fulogi, ba ya shan mai, amma in an cika motar da mutane da kaya yana nishi a hawa. Akwai mai buji shida, mai ƙarfi, shi ma iri biyu ne, na farko da wanda aka ƙara wa girma daga baya. Akwai mai gazuwal, wato man dizal, wanda aka yi wa mutanen Turai, gwanin ja ne amma ba ya yafe gurɓataccen mai. Sannan aka zo da mai haɗa fetur da batir, wanda ya ce a cikin gari ba shi da na biyu, sai dai in ya tsaya maka a Tibati ka yi ta kallonsa yana kallonka. Na ƙarshe ƙarami ne mai turbo, abin ƙara wa inji ƙarfi. Ya ce wannan kamar siririn yaro ne da aka ɗura wa shayi mai kauri, zai yi gudu, amma a ba shi zuwa-zuwa, man kwalba na bakin hanya, a ga yadda zai ƙare.

Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Yaya, a saya mai huɗun. Wanda bai iya gudu ba."

Sanusi ya ce, "Kawu, mai shida dai. Inna so take mu riƙa tafiya jaki yana wuce mu."

Yaya ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Ladi, kin taɓa ganin mota cike da mutane ta fito wuce tirela a hawan dutse, ƙarfinta ya ƙare a tsakiya, wata tirelar tana gangarowa? Rashin ƙarfi ma yana kisa. Hanya ce ke zaɓen inji. Tsoronki ba shi da ƙuri'a, ƙuruciyar wancan ma ba ta da ita." Aka sayi mai buji shida, irin na biyu. Na yi kwana uku ina fushi da shi. Bai ba ni haƙuri ba. Abin da ya yi shi ne, ya ɗauki Sanusi wata guda suna fita tare kowace safiya, bai bar shi ya tuƙa shi kaɗai ba sai da ya koyi saukowa gangare da giya, ba da birki ba.

Ni mai tsoro ce, kowa a danginmu ya sani. Bayan rasuwar maigidana, Sanusi ya gaji sana'ar da motar, ni kuma na gaji zaman jira. Yakan turo saƙo a waya cewa ya isa, sai in riƙe wayar in yi ta zagaya unguwa ina neman mai karanta min, don ban san ko isa ya yi ko wani ne ke sanar da ni hatsari. Wannan ne ya kai ni ajin manya da ƙungiyar matan unguwarmu ta buɗe, ina da shekara arba'in da wani abu. Da haruffan Faransanci aka koya mana, kamar yadda ake yi a makarantun ƙasar nan. Mata da yawa sun yi min dariya. Wata ta ce bokon tsufa sai ka ce kitso a kan sanƙo.

Yaya bai yi dariya ba. Ranar da na nuna masa na rubuta sunana, ya kama hannun rigata ya kai ni gaban motar, ya buɗe murfin inji, ya goge wani wuri da tsumma. Ga haruffa da lambobi an buga a jikin ƙarfen. Ya ce, "Karanta." Na yi ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, gumi yana zubo min. Da na gama ya ce, "Wannan shi ne sunan injin na yanka. Abin da aka rubuta a bayan mota laƙabi ne. Tun da kin fi kowa tsoron motar nan, ya kamata ki fi kowa saninta." Daga nan duk motar irin tamu da ta shigo garejinsa ina kusa, sai ya kira ni in karanta. Da haka na gane da idona cewa gaskiya ya faɗa. Motoci biyu za su tsaya kamar tagwaye, launi ɗaya, amma sunan da ke jikin injin ya bambanta da harafi ɗaya, kuma kayan wannan ba sa shiga wancan.

Da ciwon suga ya ci idonsa, wasan ya zama aiki. Hannunsa da kunnensa ba su rage komai ba, ƙananan rubutu ne ba ya gani. Sai na zama mai karanta masa. Yakan gaya wa masu mota, "Ku jira ƙanwata, ita ce tabarauna." Ban taɓa jin girma irin na wannan kalmar ba, ko ranar da aka ba mu takardar gama aji.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru a makonsa na ƙarshe, don har yau wasu a dangi suna cewa tsufa ne ya sa shi taurin kai.

Amina ta yi arba'in, iyayenta suka sa ranar Alhamis a zo a ɗauke ta, suka gayyaci 'yan rakiya. Sanusi ya kai motar a duba kafin tafiya. Yaya ya shafa bel ɗin da ke cikin injin, mai haƙora, wanda in ya tsinke ana tafiya injin kan kashe kansa nan take. Ya ce ya fara tsagewa, ba zai kai Banyo ya dawo ba. Ba a samu irinsa a Garuwa ba, sai an aiko daga Jimeta, wurin wani mai kayan mota da suka daɗe suna hulɗa. Washegari jikin Yaya ya motsa, Hajara ta kai shi asibiti. Ni kuma na ga lokaci yana tafiya. Na ce a raina, me ya rage ban iya ba? Na buɗe murfin da kaina, na kira mutumin Jimeta, na karanta masa sunan injin tiryan-tiryan. Ya maimaita, na ce haka ne. Na koma gida ina jin kaina.

Ranar Laraba bel ya iso a motar haya. An sallamo Yaya, yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, ƙafafunsa a kumbure. Sanusi ya miƙa masa. Ya karɓa, ya sa babban yatsa yana bin haƙoran ɗaya ɗaya kamar mai jan carbi, bakinsa yana motsi. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Sannan ya ajiye shi a cinya.

"Ba namu ba ne. Na mai shida ne, amma na farkon. Haƙoransa ba su kai ba."

Sanusi ya ce, "Kawu, ai kusan ɗaya ne. A ɗan ja shi mana."

"Kusan ɗaya, a wurin inji, sunansa kuskure."

"To a bar tsohon. Zan bi a hankali. Mutane sun yi girki, Kawu. Surukina ya gaya wa duk unguwa gobe nake zuwa. Da wane ido zan dube su?"

"Da idon da za ka dube su in ka tsaya musu da 'ya da jika a dajin Tibati. Ba ni makullin."

Sanusi ya tsaya kamar ba zai bayar ba. Namiji ne mai iyali, shanu ɗari sun bi ta hannunsa. Amma ya zaro makullin ya sa a tafin kawunsa, Yaya ya jefa shi a aljihun gaba. Sanusi ya fara faɗan mutumin Jimeta, yana cewa tsofaffin kaya yake turo wa mutane. Na ce, "Ni na karanta masa. Kuma daidai na karanta, wallahi."

Yaya ya ce in sake karantawa ya ji. Na leƙa na karanta. Da na zo harafi na uku na ce, "Ji."

Ya ce, "Tsaya. Zo nan." Ya buɗe tafin hannunsa na hagu. "Zana min shi."

Na sa yatsa na ja layi ya sauko, na lanƙwasa shi a ƙasa kamar ƙugiya. J ke nan. Sai kafaɗun Yaya suka fara rawa. Dariya yake yi, har da tari.

"Ladi, ba ki yi kuskure ba. Shi ma bai yi ba. Wannan mai ƙugiyar, ku 'yan makarantar Faransa kuna ce masa ji. Can tsallake, 'yan makarantar Ingila je suke ce masa. Wanda ku kuke kira je, mai zagayen nan, shi ne ji a wurinsu. Kin ce ji, ya rubuta G. Turawa biyu ne suka yi musayar hula, suka bar mu da neman kai."

Ni ban ga abin dariya ba. Hawaye ne suka zubo min. Na ce da ban yi karambani ba, da yanzu an gama. Na ce gara in koma yadda nake, in bar karatu ga masu shi. Sai ya daina dariyar.

"Kul na sake jin wannan. Shekara nawa na yi a Jimeta, na san wannan tarkon sarai, ban taɓa gaya miki ba. Laifin malami ne. Kira shi yanzu a gabana. In kin zo wurin ki ce J na Jimeta, ba G na Garuwa ba."

Na kira. Na ce, "J na Jimeta." Mutumin ya yi salati, ya ce yau shekara nawa yana aika kaya Kamaru ana dawo masa da wasu, bai taɓa gane dalili ba.

Saura surukai. Sanusi ya kasa kiransu. Yaya ya ce a ba shi wayar. Ya gaisa da mahaifin Amina da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu da ruwan sama da mai jego. Sannan ya ce, "Ni na tsare motar. Yaronku ya so tahowa, na karɓe makulli. In akwai fushi, a yi da ni, na fi shi faɗin baya." Bai ambaci sunana ba, bai ambaci harafi ba. Har ya bar duniya, ban ji ya gaya wa kowa ba. Ni ce yau nake faɗa.

Bel na gaskiya ya iso ranar Asabar. Yaya ya ƙirga haƙoransa sau biyu, ya ce bismillah. Ba ya iya tsayuwa, don haka aka jawo kujerarsa jikin motar. Sanusi ne ya yi aikin da hannunsa, Yaya yana gaya masa abin da zai kwance da abin da zai ɗaure, yana miƙa hannu yana laluben alamomin da dole su hau kan juna. Sau biyu ya sa aka warware aka sake. Tun hantsi har la'asar suna abu ɗaya. Da aka tashi motar ya ɗora sandarsa, ya kara kunne, ya daɗe. Sannan ya ciro makullin gidansa da na motar a haɗe, ya ware na motar ya miƙa.

"Je ka ɗauko min jikana."

Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Sanusi ya tashi Lahadi da asuba.

Ranar Talatar, ana cikin yi wa Yaya wanka, wayata ta yi ƙara a cikin mayafi. Sanusi ne. Na fita bayan ɗaki inda ba zai ji kukan mata ba. Ya ce sun sauko dutsen lafiya, sun tsaya Amina ta ba yaro nono. Sauran tafiyar awa uku ko fiye, hanyar kuma duk ramuka da manyan motoci.

Ya ce, "Inna, muryarki fa?"

Na ce, "Mura ce."

"Kawu fa? Ya jikin?"

Na ce, "Yana kwance."

"Ki gaya masa motar ko tari ba ta yi ba. Ki ce masa hawan Banyo kamar tana shan ruwa. Gidansa za mu fara sauka, ya ga mutumin nasa."

Na ce to. Na ce ya bi a hankali, ba abin da ake sauri. Allah Ya yafe min murar da na ƙirƙira.

An kai Yaya bayan azahar. Ban taɓa sanin yawan mutanensa ba sai ranar. Direbobin tasha, mahauta, masu babur, Fulani da Hausawa da waɗanda ba sa salla, har layin ya toshe. Wani dattijo da ban sani ba ya aiko a gaya wa iyali cewa Metir ya taɓa hana shi sayen mota mai gazuwal da ya ƙwallafa rai a kanta, ya yi shekara yana jin haushinsa, daga baya ya gode.

La'asar ta yi sanyi lokacin da motar ta shigo layin. Ina tsaye a bakin ƙofa tun da aka dawo daga maƙabarta. Sanusi ya ga tabarmi, ya ga maza zaune jere da bango. Ya tsaya nesa kaɗan. Na ga Amina a baya ta rungume yaron, lafiyarsu ƙalau su uku. Ya fito ya tako har inda nake, bai dubi kowa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Lokacin da na kira ki..."

"Ana yi masa wanka."

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Inna, da kin faɗa min, da na riske shi. Motar za ta iya."

Na ce, "Na san za ta iya. Shi ya sa."

Ya juya ya tafi maƙabarta da ƙafa, shi kaɗai. Har yau da nake wannan rubutu, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinsa ba. Na hana shi ɗaukar gawar mutumin da ya riƙe shi kamar uba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan iya mayar masa ba. Amma na karɓi jikana daga hannun Amina da ɗuminsa, na kai shi ɗakin Hajara na ɗora mata a cinya. Ta buɗe fuskarsa ta ce, "Ga wanda ya aika a ɗauko." In da za a sake, haka zan sake yi.

Ya Allah, ga bawanKa Iliya ya zo gare Ka. Ka san bai taɓa sa wa motar wani abin da ba zai sa wa tasa ba, Ka san asirin da ya rufa, nawa da na wasu. Ka rufa nasa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka mayar masa da hasken idonsa a inda gani ya fi amfani. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba Hajara da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu a inda yake tsaya musu. Ka sanyaya zuciyar Sanusi a kaina a lokacin da Ka so. Ka kiyaye duk wanda ke kan hanya da duk uwar da ke jiransa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.